Ziyarar Rana ta Uku

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Wani matashin malami da ke koyar da ginin tukwane da tangaran a wata kwalejin ilimi ya daɗe da sanin wannan magana, har yakan jefa ta a aji, amma bai san nauyinta ba sai da ya halarci wani taron ƙara wa juna sani na magina da aka yi a Abuja.

Kwana uku aka ɗebar wa taron. Biyun farko na gabatar da maƙalu ne, na uku kuwa aka ware shi domin yawon buɗe ido zuwa Dutsen Zuma da Suleja da ƙauyen Ushafa. Malamin ya gabatar da tasa maƙalar a rana ta biyu, inda ya nuna cewa ginin gargajiya ya kusa zama tarihi, tun da roba da ƙarfe sun ƙwace masa kasuwa, kuma babu mafita sai a koma ga faifai mai juyawa da tanderun zamani da shafen ƙyalli. Aka tafa masa. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, mahaifiyarsa maginiya ce a wani ƙauye na ƙasar Zazzau, kuma da kuɗin randa da tulu aka saya masa littattafan makaranta. Tun da ya shiga jami'a bai sake zama kusa da ita tana gini ba, domin a ganinsa ya wuce wurin.

Ya so ya kama hanyar gida a daren nan, don bai ga abin da yawo zai ƙara wa mai digiri ba. Wani dattijo daga cikin mahalarta, wanda suka yi masauki ɗaya, shi ya tsayar da shi, ya ce: "Malam, kwana biyu muna zancen yumɓu, amma ko farcen ɗayanmu bai ɓaci ba. Ka bari mu je mu gai da masu abin."

Da hantsi mota ta tsaya a gindin Dutsen Zuma, kusa da Madalla, aka ɗauki hotuna, wasu na gwada dutsen da hotonsa da ke bayan takardar naira 100. Daga nan aka shiga Suleja, wato garin da ake kira Abuja kafin a ba sabon babban birnin tarayya sunan, bayan dokar 1976. A nan ne Bature magini Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, ya kawo faifai mai juyawa da tanderu mai tsananin zafi. A harabar tsohuwar cibiyar dattijon nan ya zaro takardar naira 20, ya nuna hoton matar da ke bayanta tana aikin tukunya, ya ba da tarihinta.

Ladi Kwali ke nan, 'yar ƙabilar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa. An haife ta a Kwali wajen 1925, kuma a gida ta koyi gini tun tana yarinya. Cardew ya fara ganin randunanta ne a fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, masu zanen ƙadangare da kada da kunama da kifi. A 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko da aka ɗauka. Ta koyi juyi a kan faifai, amma abin da ya kai sunanta Landan da Amurka shi ne randar da take ginawa da hannu kamar yadda aka koya mata a Kwali. Ba ta yi karatun boko ba, duk da haka Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977. Ta rasu a Minna a 1984.

Dattijon ya ƙara da wani batu da ya tsaya wa malamin a rai. Ya ce randunan nata da aka shafa wa ƙyalli aka gasa a zafin da ya haura digiri 1,200 sun yi kyau, sun yi ƙarko, amma sun yi nauyi, kuma sun daina sanyaya ruwa. Dalili kuwa shi ne, randar da aka toya a fili da itace da ciyawa, a wutar da ba ta cika wuce digiri 800 ba, jikinta na da ƙananan kafofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu, iska na busar da shi, abin da ya rage a ciki yana yin sanyi. Waɗannan kafofi ne kuma ke taimaka wa tukunya ta jure wutar murhu. Ashe abin da malamin ya kira naƙasa a maƙalarsa, shi ne amfanin randar. Ba wai bai taɓa karanta wannan ba ne. Ya karanta, ya ci jarrabawa a kai, sai dai bai taɓa haɗa shi da randar ɗakin mahaifiyarsa ba.

Da la'asar aka isa Ushafa, a yankin Bwari, ƙauyen da shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a shekarar 2000. Nan suka tarar da wata tsohuwa ta aza curin yumɓu a kan abin ɗori, ta luma hannu a tsakiyarsa, tana jan bangon sama tana zagayawa da baya-baya, tana ƙara murjajjen yumɓu kaɗan-kaɗan. Babu faifai, ita ce ke juyawa, tukunyar na zaune. Kafin baƙi su gama ɗaukar hoto, wuya da baki sun fito daidai wa daida, ba tare da magwaji ba.

Malamin ya nemi izini ya gwada. Bai yi zagaye uku ba bangon ya karkace, ya zube. Tsohuwar ta yi dariya, ta dubi yadda ya naɗe tsumman gyaran baki a yatsunsa, ta ce: "Ɗana, wannan riƙon ba na makaranta ba ne. A gidanku akwai mai gini?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce: "Akwai, Mama. Mahaifiyata ce."

Ta ce: "Tana da rai?" Ya ce tana nan. Ta ce: "To, me ka zo nema a wurina?"

Har aka koma masauki bai ce uffan ba. Abin da ke cin ransa shi ne, mahaifiyarsa ta manyanta, ƙannensa mata duk sun yi aure ba wadda ta ɗauki sana'ar, kuma babu takardar da ta rubuta inda ake haƙo yumɓu mai kyau a fadamar garinsu, ko yawan garin tsingaro da ake zuba masa, ko lokacin da ake yayyafa ruwan makuba a jikin tukunya tana da zafi. Ranar da ta kau, duk wannan ya tafi ke nan.

Bai janye duk abin da ya faɗa a maƙalarsa ba, domin gaskiya ne roba ta ci kasuwa, kuma tanderun zamani na da ranarsa. Abin da ya sauya shi ne inda yake fara darasi. A zangon karatu na gaba, kafin ɗalibansa su taɓa faifai, sai da ya ɗebe su a mota zuwa ƙauyensu, kowa da littafin rubutu da tambayoyin da aka tsara tun a aji, da sharaɗin kowa ya sa hannu a yumɓu, ya kuma kawo rahoto. Ya gane cewa fita da ɗalibai ba hutun darasi ba ne, kuma malami ba ya cika sai ya san inda ilimin da yake koyarwa ke zaune a cikin jama'arsa.

Da suka shiga gidan, ya durƙusa ya ce: "Inna, ga ɗalibaina na kawo miki, har da ni a cikinsu." Kasancewarsa ɗan fari, ba ta dube shi ba, ba ta kuma ambaci sunansa ba. Ta dai tura masa kwatanniyar yumɓu da ƙafa, ta ce: "A fara da cuɗawa, a tsince tsakuwa."