Ajina yana cikin wayata

'Yar'uwa, idan aure ko haihuwa ne ya katse miki karatu, tsaya ki ji nawa labarin. Shekara tara na yi a Agege ina renon yara, takardar sakandarena tana ƙasan akwati. Bara na shiga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002.

Rajista ta intanet ake yi. Littattafai ki sauke su a waya, malami ya koyar ta bidiyo, aikin gida ki amsa a shafinki. Jarrabawa ce ke kai ki cibiyar karatu. Ba fama da cunkoson Legas, ba barin jariri a hannun maƙwabta.

Amma ba zan ɓoye miki ba, data na taɓa kuɗin cefane, wuta kuma takan ɗauke ana tsakiyar darasi. Mafi wuya, babu mai tambayar ki in kin yi fashi. Zangon farko na faɗi kwas ɗaya, ba don tsaurinsa ba, sai don kullum ina cewa sai gobe. Da na koma karatun dare, ciwon kai da zafin ido suka sako ni gaba.

Yanzu bayan sallar asuba nake karatu, awa ɗaya kafin yara su tashi. Ranar Asabar maigida ke riƙe su. Kafin ki biya kuɗin rajista, ku zauna da mutanen gida ku ware miki wannan awar. In babu ita, wayar ba za ta yi miki karatun ba.