Ƙasar da Ake Biyan Kuɗi a Kori Ruwan Sama

Ranar da muka bar Bugaje, a tsakiyar Disambar 2019, hazo ya rufe gari har ba ka hango motar da ke gabanka a hanyar Katsina. Leɓɓana sun tsage, diddigena duk faso. Inna ta cusa mini gwangwanin man kaɗe da rigunan sanyi biyu a jaka, wai ta ji ana cewa ƙasashen waje sanyinsu ya fi na hunturu. Har na dawo ban buɗe gwangwanin ba.

Rufe boda ne ya jawo tafiyar. Tun watan Agusta gwamnati ta garƙame iyakokin ƙasa, bodar Magama ta yi tsit, yadin da kawuna ya saba ɗaukowa daga Maraɗi ya tsaya cak. Abokan cinikinsa na Kantin Kwari suka ce ya bi su Jakarta ya saro kaya da kansa, tunda zuwa da kai ya fi saƙo. Ni malamin makaranta ne, an ba mu hutun ƙarshen zango, ina kuma ɗan taɓa Turanci. Kawu ya ce, "Malam, shirya. Kai za ka riƙe mini kalkuleta." Muka tashi daga Abuja, muka yada zango a Dubai, muka sauka filin jirgin Soekarno-Hatta da yamma. Da ƙofa ta buɗe, wata iska mai ɗumi da danshi ta doki fuskata, kamar ka ɗaga murfin madambaci.

Indonesiya tsibirai ce sama da 17,000, a lokacin mutanenta kimanin miliyan 270, kuma babu ƙasar da ta kai ta yawan Musulmi. Fiye da rabinsu a tsibirin Java suke, inda Jakarta take. Ga ɗan Bugaje, wanda ya saba hawa babur ya tsallaka Nijar suna ya dawo kafin la'asar, tsibiri abin mamaki ne. Duk inda ka miƙa a Java, ƙarshenta teku ne zai tare ka, ba kwastan ba. Na canza dala ɗari aka ƙirgo mini rupiya kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, na zama miloniya na kwana uku.

Rikicin farko a ɗakin masauki muka yi shi. Kawu ya shimfiɗa darduma ya fuskanci gabas zai kabbara, na nuna masa wata 'yar kibiya da aka liƙa a silin an rubuta kiblat a jikinta. Yamma take nunawa. Ya ce an yi kuskure wajen liƙawa. Na ce, "Kawu, ai mun wuce Makka." Ya daɗe yana kallon kibiyar, sannan ya juya dardumar yana salati. Mutumin da ya shekara sittin bai san bambancin gabas da alƙibla ba, ga shi yana salla da faɗuwar rana a gabansa. Da Juma'a ta zo muka je masallacin Istiqlal, wanda aka buɗe a 1978. Kirista ne ya zana shi, Friedrich Silaban, kuma babban cocin birnin yana daidai tsallaken titi. A cikin masallacin akwai wani ƙaton tambari da suke kira bedug, a al'adarsu shi ake bugawa kafin ladan ya ɗaga murya. Harshensu ma bai yi mini nisa can ba: Jumat, Sabtu, Kamis, sabun, dunia, kabar. Larabcin da ya ratso Sahara ya iske mu, shi ya bi teku ya iske su.

Amma ruwa na zo ba ku labari. Daminarsu takan kama wajen Nuwamba ta kai Maris, wato daidai lokacin da rijiyoyinmu ke ja da baya. Da safe rana ce tarwai, ga zufa. Bayan azahar sai hadari ya haɗu, babu iskar nan mai ƙura da ke riga ruwa isowa a wurinmu, babu guje-gujen kwashe shanya da kora awaki. Kawai ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne babu mai ɗaga kai ya dubi sama. 'Yan acaɓarsu, da suke kira ojek, su raɓe a ƙarƙashin gada, su zaro rigar leda daga ƙarƙashin kujera, su miƙa wa fasinja tasa, a ci gaba da tafiya. Mai soya shinkafa a bakin titi ya jawo tamfol da hannu ɗaya, ɗaya hannun bai bar cokali ba.

A bakin kasuwar Tanah Abang na ga sana'ar da ban taɓa jin labarinta ba. Ruwa na saukowa sai ga yara sun fito daga lunguna, kowanne da ƙatuwar lema. Wani ɗan kimanin shekara goma, babu takalmi, ya miƙo mini tasa. Na karɓa na kama hanyar tsallake titi, ina zaton zai shigo mu tafi tare. Ina! Ya biyo ni a baya cikin ruwan, rigarsa ta manne a ƙashin haƙarƙarinsa, ruwa na zuba ta gashinsa yana murmushi. Na jawo shi ƙarƙashin lemar ya goce, wataƙila a ganinsa wanda ya biya shi ne mai inuwa. Da muka isa na ba shi rupiya dubu biyar, ya sa a wata leda da ya ɗaure a ƙugu, ya karɓi lemarsa ya ruga neman wani. Ojek payung ake kiransu, wato 'yan acaɓar lema. Na tuna 'yan ga-ruwanmu da ke tura kura cikin rana. Can yaro yana cin abinci da yawan ruwa, nan yana ci da rashinsa.

Kasuwar kanta tun 1735 take ci, yanzu benaye ne hawa-hawa, yadi da hijabai da jallabiyu har ido ya gaji. 'Yan Afirka ba baƙi ba ne a wurin, masu shaguna da yawa sun iya ciniki da kalkuleta ba tare da an yi magana ba. Kusa da ita akwai gidan tarihin tufafi, inda na ga mata na zana batik da narkakken kakin zuma kafin a tsoma yadin a rini. Nan na gane asalin atamfar da iyayenmu mata ke ji da ita. Turawan Holan ne suka mulki ƙasar, suka kwaikwayi batik da inji, kayan suka samu kasuwa a Afirka ta Yamma. Indomie ma da yaranmu suka ɗauka 'yar gida ce, daga can take, mie a bakinsu taliya ke nan.

Wani mai shago da Kawu ya saba da shi ne ya ba mu labarin da ya fi kowanne girgiza ni. Yana shirin aurar da 'yarsa, yana lissafa mana kuɗin da zai kashe: rumfa, abinci, makaɗa, da pawang hujan. Na ce mene ne wannan na ƙarshen? Ya ce mutumin da ake ɗauka ya tsare ruwa, ya kora hadari wata unguwa har a gama biki. Wasu da turare da barkono da albasa a soke a tsinke suke aikin, wasu da addu'o'i. Ya ce malamai da dama suna ƙyamar abin, shi ma ba wai ya gaskata ba ne, amma dangin matarsa ba za su yarda a yi taro a Janairu babu shi ba. Kawu ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Subhanallahi. Rahamar ake kora?" Ni kuwa sai filin Idinmu ya faɗo mini a rai, shekarar da ruwa ya ɗauke bayan shuka, gero ya fara murɗewa, aka fita roƙon ruwa da tsofaffi da yara, liman ya juya mayafinsa, mata suka yi sadakar gumba. Ban ga laifin mai shagon ba sosai. Da shi ma ya taɓa binne iri sau uku a shekara ɗaya, da ba zai iya furta sunan wannan sana'a ba.

Ranar wata Lahadi muka hau jirgin ƙasa zuwa Bogor, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, taragon farko da na ƙarshe na mata ne zalla. Bogor ake yi wa kirari da birnin ruwa. Abin da ke zuba a can a shekara ya haura milimita 3,000, mu kuwa a ƙasar Katsina in mun samu 600 zuwa 700 sai godiya. Gansakuka har a jikin katanga da turakun lantarki. A bayan gari na ga wani na yankan shinkafa, maƙwabcinsa na dashe, na ukunsu tasa ta fara fitar da kai, duk a rana ɗaya. Manominsu bai san zaman rani ba.

A tsakiyar garin akwai wani lambun itatuwa da aka kafa a 1817. Nan aka nuna mana inda aka dasa kwakwar manja guda huɗu a 1848, irin na Afirka ta Yamma, kuma daga zuriyarsu aka fara manyan gonakin manja na ƙasar. A farkon shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a manja a duniya. Yau Indonesiya ce, da tazara mai nisa, mu kuma har shigo da shi muke yi. Ruwa kaɗai ba zai zama uzuri ba, don kudancin ƙasarmu bai rasa shi ba. Na tsaya a gindin jikokin itatuwan nan ina jin irin kunyar da mutum ke ji in ya iske ɗan da ya yi sakaci da shi ya zama attajiri a gidan wani.

Daren shiga 2020 aka nuna mana ɗaya fuskar damina. Tun magariba ake ruwa, matasa na harba wasan wuta a cikinsa, muka kwanta. Ruwan bai ɗauke ba har gari ya waye. Da asuba na leƙa ta taga daga hawa na uku, lungun da muke bi zuwa masallaci ya zama kogi, ruwa jaja-jaja ɗauke da silifas da robobi da wata katifa. An ɗauke wuta. A unguwar Halim an auna milimita 377 a wannan ruwan, wato fiye da rabin daminarmu a dare guda. Sama da mutum 60 suka rasu a Jakarta da kewayenta. Kawu ya zauna a bakin gado da carbi bai ce uffan ba, na san Jibiya yake tunawa, daren Yulin 2018 da ambaliya ta ci sama da mutum 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje.

Abin da na gani da rana shi ya fi zama mini a rai. Maza sun ɗaure igiya daga wannan turke zuwa wancan don masu tsallakawa. An kwashe tsofaffi a kwalekwalen roba zuwa benen masallaci, mata sun kafa tukwane suna ƙunsa shinkafa a takarda ana rabawa, har mu baƙi aka miƙo mana. Yaron masaukinmu yana ta duba waya, wai yana bin awon ruwa a madatsar Katulampa ta Bogor, don in kogin Ciliwung ya cika a can, bayan wasu awoyi zai iso Jakarta. Shi ya gaya mini cewa arewacin birnin nutsewa yake yi a hankali, saboda ruwan famfo bai isa kowa ba, kowa sai ya haƙa burtsatse, ƙasa na zama. Birnin da ruwan sama ya ishe shi, ƙishirwa ce ke nutsar da shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa shugaban ƙasar na lokacin, Joko Widodo, ya sanar a Agustan 2019 cewa za a mayar da babban birni tsibirin Borneo.

Mun dawo Bugaje a mako na biyu na Janairu, hazo na nan yadda muka bar shi. Tsarabar Inna lema ce irin ta yaran nan, ƙatuwa mai launi bakwai. Ta buɗe ta a tsakar gida, ta ji labarin masu korar hadari, ta ce, "Allah Ya shirye su, su turo mana shi nan mana." Ta rataye lemar a bayan ƙyaure, sai a watan Yuni ta samu ranar aiki. Wanda duk zai je Jakarta tsakanin Disamba da Fabrairu, ya bar rigar sanyi a gida, ya sayi takalmin roba, in zai kama ɗaki kuma ya nemi na sama.