Kwalliyar da Ta Cinye Mana Taya

Mu biyu, wa da ƙane, muka haɗa kuɗi muka sayi tsohuwar Peugeot 504 haɗin Kaduna. Ƙuruciya ta sa muka ga ta cika tsayi, sai muka kai ta wani gareji a Sabon Gari aka datse mata sifirin, ta durƙusa. Muka shiga shawagi daga Fagge zuwa France Road, ana kallonmu.

Ba a yi wata biyu ba, sitiyari ya fara ja gefe, tayoyin gaba suka cinye ta ciki har waya ta fito. Ran nan da damina, muna ɗauke da mahaifiyarmu, ɗaya ta fashe. Allah dai ya tsare.

Wani dattijon bakanike ya duba, ya ce, "Samari, in mota ta sauka, kan taya yakan karkata ciki, gabanta kuma ya bar saiti. Alaimin zai daidaita gaban, amma karkatar sai an mayar da sifirin."

Muka nufi Ƙofar Ruwa jiki a sanyaye, muka sayo wani sifirin. Waɗanda suka ƙera motar sun san ramukan titunanmu, shi ya sa suka ɗaga ta. Mu ’yan gari ne muka manta.