Furen Tsauni da Ba Shi da Suna a Hausar Gadarif

Ɗalibin Hausa da ke zaune a Gadarif, a gabashin Sudan, idan aka ba shi littafin ilmin tsirrai aka ce ya mayar da shafi ɗaya zuwa Hausa, yana iya cin karo da wani ɗan tsiro mai suna Draba aizoides. Ba zai same shi a ƙamus ba. Idan ya tambayi dattawan unguwa, jikokin mahajjatan da suka baro Kano da Sakkwato suka yada zango a nan, ba wanda zai ce ya taɓa ganinsa. Gadarif shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ta baƙar laka mai tsagewa da rani, ƙasar dawa da riɗi, wadda tudunta bai wuce kimanin mita 600 daga teku ba. Shi kuwa wannan tsiro gidansa tsagin dutsen farar ƙasa a tsaunukan Turai: Alps, da waɗanda suka raba Faransa da Sifaniya, da na gabashin nahiyar. A Birtaniya ba ya fitowa sai a gaɓar Gower da ke Wales, har a jikin bangon wani tsohon kango.

Tsiron bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Ganyensa siriri ne mai tauri, da gashi a gefe kamar gashin ido, kuma ganyayen sukan cure wuri ɗaya a ƙasa kamar gammo. Daga tsakiyar gammon wani kara marar ganye yake tasowa, santimita 5 zuwa 10, ya ɗauko furanni rawaya. Wannan ƙira ba ado ba ce. A kan tsauni iska mai sanyi tana busar da duk abin da ya ɗaga kai, amma fuskar dutse tana shan rana ta yi ɗumi, don haka wanda ya lafe a jikinta ya fi samun zafi. Saiwarsa tana nutsewa cikin tsagi, inda danshi yake ɓuya. Ganyen kuma ba ya zubewa. Yana nan kore a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ta yadda da zarar ta narke tsiron zai buɗe fure ba tare da jiran sabon toho ba. Kashi na biyu na sunansa, wanda Linnaeus ya raɗa masa a 1767, daga kalmar Girkanci ta rayuwa kullum ya samo asali.

To, yaya za a kira shi da Hausa? Akwai wata tsohuwar dabara ta masu fassara. Lokacin da Shehu Abubakar Gumi ya zo kan kalmar hardal ta Larabci a tarjamarsa ta Alƙur'ani, sai ya ɗauko komayya, wata ciyawa mai ƙananan 'ya'ya da kowane Bahaushe ya sani. A wurin ya yi daidai, domin ƙanƙanta ake son nunawa, ba jinsi ba. Amma wannan dabara ba ta aiki a ilmin tsirrai. Komayya dangin gero ce; hardal kuwa, wanda wasu ke rubutawa mastad, shi ne ya ba dangin Draba sunan da aka san su da shi. Wanda ya sauya suna a nan ya ɓatar da mai karatu daga dangi gaba ɗaya.

Dangin kuwa suna nan a kasuwar Gadarif, ɗaure-ɗaure a kan tabarmar mai ganye. Ga jirjir, wanda mutanen Sudan ke ci ɗanye da wake, ga fijil, ga kabeji. Ga kuma tsiron da Larabawa ke kiran ƙwayarsa habbar rashad, wanda a Kano ake kira lansir ko lafsur, ake kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli. Tsofaffin ƙamusoshi sun adana algarif a matsayin sunan ƙwayarsa, kalmar da ita ma daga Larabci ta shigo tun da daɗewa. Duk wanda ya bar kwamin jirjir ya wuce lokacin tsinka zai ga alamar zuriyar da idonsa. Kunnuwan furen huɗu ne, biyu suna fuskantar biyu kamar mararraba. A ciki akwai zare shida masu ɗauke da garin barbara, huɗu dogaye, biyu gajeru. Idan furen ya zube sai kwanso ya biyo baya, mai ɗaki biyu da wani siririn shamaki kamar tantani a tsakani. Haka furen Draba yake daidai, sai dai launinsa rawaya ne fes, na jirjir kuwa fari-fari ne da jijiyoyi masu duhu, kuma kwanson Draba gajere ne mai faɗi, na jirjir mai tsawo da ɗan baki.

Alama ta ƙarshe harshe ne ke gane ta. Yajin da ke hawa hanci idan an tauna lansir ba ya cikin ganyen tun farko. Tsiron yana ajiye sinadarai biyu a ɗakuna daban-daban, sai haƙori ko bakin tsutsa ya fasa su sannan su haɗu su haifar da yajin. Makami ne na korar ƙwari, ɗan Adam ya mayar da shi abin marmari.

Akwai tarko ɗaya. Gasaya, wadda ke fitowa da kanta a bayan gida da damina, ita ma tana da kunnuwa huɗu da zare shida da ɗan yaji. Masana sun ware ta a wani gida na maƙwabta, kuma zarenta ba su rabu huɗu da biyu ba. Rayuwarta ma ta saɓa da ta Draba. Dukansu suna da 'yan watanni ne kawai na walwala a shekara, amma gasaya tana mutuwa ta bar iri ya yi jiran ruwa a ƙasa, shi kuwa ɗan tsauni yana jiran rana da ransa, shekara bayan shekara. Kabeji ma yana tuna asalinsa: ba ya yin fure sai ya sha sanyi mai tsawo, shi ya sa mai lambu a Gadarif ko Kano yake sayen irinsa a gwangwani ko ƙunshi, bai taɓa ganin furensa rawaya ba.

Tsaunin ma bai yi nisa kamar yadda ake zato ba. Hanyar da ta tashi daga Gadarif ta bi Gallabat ta tsallaka Matamma tana hawa ne zuwa Gondar, kuma bayan Gondar akwai tsaunukan Simiyen, inda Ras Dashen ya haura mita 4,500. A can wani ɗan dangin, Arabis alpina, yana fitowa a tsakanin duwatsu kamar yadda yake yi a Turai, da farin fure. A gonakin tudun Habasha kuma ana noma gomen, wani mastad mai fure rawaya, don ganyensa da mansa.

Saboda haka mafi aminci ga mai fassara shi ne ya bar sunan Latin yadda yake, ya biyo shi da siffa: ɗan tsiron tsauni daga dangin lansir, mai ganye a cure da fure rawaya. Ga mai karatu a Gadarif, wanda wataƙila jirjir ya fi lansir kusa da bakinsa, sai a ambaci sunayen biyu tare.