Ramin da Muka Haƙa a Bakin Gari



Shekara ashirin ke nan ina riƙe da littafin maigidana, dattijon jama'armu. A ciki nake rubuta aure da rasuwa da sunayen waɗanda suka fito aikin gayya. Da na duba shi kwanan baya, sai na ga mafi yawan gayyar da muka taɓa yi haƙa ce: yasar tur'a, buɗe hanyar ruwan damina, kabari.

Ba abin mamaki ba ne. Kakanninmu sun baro Hausa da niyyar Makka, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, ruwan Shuɗin Nilu ya shiga Jazira ta hanyoyin da mutane suka haƙa. Manyan hanyoyin sun sami taimakon injina, amma abu ishrin da abu sitta, waɗanda ke kai ruwa cikin hawasha, turiya da ƙarfin kafaɗa suka sani. Kakana yana cikin masu wannan aiki. Yakan ce baƙar ƙasar nan da rani dutse ce, da damina kuwa ƙaro, ba ta sakin bakin turiya sai an yi kokawa da ita. Ya rasu a kambo, bai mallaki ko taki ɗaya na ƙasar da ya shayar ba.

A makarantar allo da zauren malam na koyi wani irin rami dabam. A shekara ta 5 bayan Hijira, Salmanul Farisi ya ba da shawarar a haƙa gwalalo a gefen Madina da ke buɗe, Manzon Allah (SAW) ya ɗauki ƙasa tare da sahabbansa, dawakan Ƙuraishawa suka zo suka tsaya cirko-cirko. Birnin Kano ma ganuwa da gwalalo suka tsare shi ƙarni da yawa, har Turawa suka zo da igwa a 1903. A nan Sudan, Gordon ya dogara da ramin da ya haɗa Farin Nilu da Shuɗin Nilu a kudancin Khartum. Ambaliya ta cike gefensa na yamma da laka, ruwa ya janye, ta nan mayaƙan Mahadi suka shiga ranar 26 ga Janairu 1885.

Duk wannan a gare ni karatu ne, sai a Disamba 2023, lokacin da Wad Madani ta faɗi, yaƙi ya iso mana. Dattawa suka taru da dare. Wasu suka ce a haƙa rami a tare hanyar shiga gari saboda motocin masu bindiga, wasu suka ce rami zai sa a ɗauka muna da abin da muke ɓoyewa. Maigida ya juyo ya ce, "Malam, kai da ka yi karatu, me ka gani?" Na kawo labarin Salmanu. Yau ina ganin na yi gaggawa, domin sahabbai suna da maharba a bayan raminsu, mu kuwa sanduna gare mu.

Dare uku muka yi muna haƙa, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum. Ya hana motoci shiga, wannan gaskiya ne. Babura kuwa sun zagayo ta gefen gonaki, aka kwashe abin da aka kwashe. Da na tuna wa maigida shawarata, cewa ya yi, "Bar shi, Malam, kowa ya yi iyakar ganinsa."

Tun farkon 2025 da sojoji suka koma Hasahisa, mutane ke dawowa, ramin kuwa yana nan da bakinsa buɗe. Damina ta cika shi, sauro ya samu gida, zazzaɓi ya kwantar da yara. Wata jikar maƙwabcina ta faɗa ciki, Allah Ya sa akwai mai wucewa. Can kuma abu ishrin ɗinmu ya toshe da laka da ciyawa, ruwa ba ya isa gonakin ƙarshe.

Maigida ya umurce ni in sanar: ranar Asabar bayan sallar asuba za a cike ramin, Asabar ta gaba a shiga yasar abu ishrin. Kowane gida ya aiko da mutum ɗaya da turiya ko shebur. Wanda ya ci karo da baƙon ƙarfe a cikin ƙasa kada ya taɓa, ya sa alama ya kira manya, kuma a hana yara zuwa wurin. Zan zo da littafin, da turiyar kakana da na sa aka yi wa sabuwar ƙota.