DAGA GAYA ZUWA BUMBA: KWANA UKU CIKIN JIRGIN RUWA

Ni malamin karatun manya ne a Tabla. Ga labarin tafiyar da na yi bisa kogin Isa a watan Janairu na shekarar 2019.

Mu mutanen tudu ne. Ruwanmu na rijiya ne da na tabki. Kullum in aka ce kogi, sai mu ce mutanen can sun huta, ba su san fari ba. Haka ni ma nake tsammani. Amma gani ya kori ji.

Na shiga mota a Baleyara zuwa Yamai, daga nan na bi ta Doso na sauka Gaya wurin wana. Can ya haɗa ni da wani dattijo mai jirgin katako, wanda zai kai kaya Bumba. Na roƙe shi ya tafi da ni. Ya dube ni ya ce: "Malam, ka iya ruwa?" Na ce: "A'a, Baba." Ya ce: "To, ka zauna inda na aje ka. In jirgi ya girgiza, kada ka miƙe tsaye."

Mu bakwai ne cikin jirgin: Baba, da ƴaƴansa biyu, da matar babban ɗan, da fatake biyu, da ni. An yi lodin buhunan masara da gari da gishiri. Kaya masu nauyi a tsakiya ake sa su, don kada jirgi ya karkace. Bisa kayan muka shimfiɗa tabarmi. Nan ne wurin zama, nan ne wurin ci.

Kowa da aikinsa. Baba yana baya riƙe da inji. Babban ɗa yana gaba da doguwar gora, yana auna zurfin ruwa. Ƙaramin kuwa aikinsa kwarfe ruwa da ƙwarya, gama jirgin katako ba ya rasa yoyo. Matar tana girki bisa murhun gawayi da aka girka cikin tasa mai rairayi, saboda tsoron gobara. Ni ma da rana ta biyu aka miƙa mini ƙwarya.

Da asuba ake tashi, cikin sanyi da hazo. Muna hawan ruwa ne, shi ya sa jirgi ba ya sauri, inji kuma yana shan mai da yawa. Nijar na hannun dama, Benin na hannun hagu. Mun bi ta gefen tsibirin Lete, inda Fulani ke kiwon shanu. An daɗe ana gardama kansa tsakanin ƙasashen biyu, sai a 2005 kotun duniya ta ce na Nijar ne.

A kowane gari mukan tsaya a sauke buhu, a ɗauki banda. Masunta sukan matso da kwalekwalensu mu sayi tarwaɗa da karfasa. Lokacin salla sai a raɓa gaci a ɗaure jirgi. Kafin magariba an tsaya ke nan, Baba ba ya tafiyar dare. Bisa rairayi muke kwana cikin gidan sauro. Daren farko ban runtsa ba, don kukan dorina. Da safe muka hango kawunansu, Baba ya ba su hanya tun daga nesa. Ya ce dorina mai ɗa ba a wasa da ita.

Ga abu guda da ya kamata ku riƙe. Ruwa na kewaye da mu, amma na sha wuya gare shi. Sai a ɗiba, a sa alif ya kwanta, a tace, a tafasa. Wanka cikin ruwan da ke kwance a gefen kogi yana kawo tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini. Makiyayin da ya kai dabbobi kogi ya kiyaye.

Na tambayi Baba: "Yaya kogi ya cika haka, ga shi rabonmu da ruwan sama wata uku?" Ya ce wannan ruwan baƙo ne. Gaskiyarsa. Kogin Isa daga duwatsun Gine yake tasowa. Tsawonsa wajen kilomita 4.200, kuma wajen 550 cikin ƙasarmu suke. Ruwan damanar Gine yakan bazu cikin fadamun Masina a Mali, ya yi watanni, kana ya iso mana da sanyi. Da bazara sai ya janye.

A rana ta biyu da la'asar jirgi ya hau rairayi ya kafe. Muka sauka duka, ruwa iyakar cinya, muka yi ta turi har muka gaji. Baba ya ce da yana yaro gora ba ta taɓa ƙasa a wurin nan. Ya ce da bazara manyan jirage zaune suke, masunta kuma kifi ya ragu musu. Ya tuna mini da 1985, lokacin da kogin ya daina gudu a Yamai cikin watan Yuni. Farin da ya kashe shanun iyayenmu a Kurfai a 1984, bai bar mutanen kogi ba.

Na ce: "Baba, ina rairayin nan yake fitowa?" Ya yi dariya ya ce: "Daga wurinku, mutanen tudu." Na yi shiru. In aka sare itace, ƙasa ta zauna tsirara, ruwan sama yakan kwashe ta ya zuba cikin ƙoramu, ƙoramu su kai kogi. Manomi ya rasa ƙasar gonarsa, mai jirgi ya rasa hanyarsa. Hasara biyu ke nan.

Rana ta uku da hantsi muka isa Bumba. Nan ne Dallol Boso ya haɗu da kogi. Kwarin nan da ya ratsa Filinge da Baleyara, wanda muke noma cikinsa, nan ya ƙare. Masana sun ce a zamanin da, shi ma kogi ne mai gudu. Na tsaya ina kallo, na ce ashe mu ma bisa tsohon kogi muke zaune.

Da na komo Tabla na ba ɗalibaina labari. Muka shirya, kowa ya bar ƴan gawo da suka tsiro a gonarsa, ya kuma gina rabin wata inda ruwa ke zaizayar ƙasa. Ku ma ku gwada bana, tun kafin ruwa ya sauka. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.