Bindiga a Lokacin Alwala

Da an kira azahar a Kasuwar Malam Atta da ke unguwar New Town a Accra, kowa sai ya shiga tattalin abinsa. Mai atamfa ta ja yadi ta rufe kaya, ta ce wa maƙwabciyarta, "Yaya, sa mini ido." Mai tura kuɗi ta waya ya datse akwatinsa da kwaɗo. Ko mai tumatir ba ta tashi sai ta ƙara tsuke jakar sidinta a ƙugu.

Wanda ya fi damuna a wannan lokaci shi ne ɗan kasuwar da ke da ƙaramar bindiga a ƙarƙashin riga, saboda kuɗin da yake kaiwa banki. Kada a ce babu irinsa. Binciken da Cibiyar Kofi Annan da ke Teshie ta yi a 2014 ya ƙiyasta cewa ƙananan makamai kusan miliyan 2.3 ne a hannun farar hula a Ghana, kuma wajen miliyan 1.2 kawai aka yi wa rajista.

Muddin bindigar tana cikin kubenta a jikinsa, kunamarta a rufe, abin da sauƙi. Rigimar tana farawa ne idan ya zo tsugunawa alwala ko zai kewaya, ƙarfen ya tokare masa ciki. Sai ya zare ta tsirara, ya jefa a aljihun tebur tare da biro da rasit, ya ce wa yaron shago yana zuwa. Aljihun da yaron zai buɗe ke nan idan mai saye ya nemi canji. Masu koyar da riƙon bindiga sun daɗe suna cewa in dole a cire ta, a cire ta da kubenta gaba ɗaya, domin zarewa da mayarwa su ne lokutan da yatsa ko gefen riga ke faɗa wa kunama.

Wani kuma ya cire gidan harsashi, ya ɗauka ya kwashe komai. Ina! Harsashi ɗaya yana iya zama a maƙogwaron bindigar, kuma shi kaɗai ya isa. Sai an ja kanta baya, an leƙa da ido an ga wayam, sannan a ce babu. Ko a hakan ma, ƙa'idar ita ce a riƙe ta kamar tana da harsashi, yatsa nesa da kunama, bakinta na kallon inda ba mutum.

To, ina ne ba mutum a unguwannin Accra irin su Nima ko Maamobi? Bangon shago katako ne ko kwano, bayansa wata tana kwasar tuwo. A gidan haya kuwa, ɗaki da ɗaki suna jin tarin juna, yara suna ɗaga labulen kowa ba sallama. Ƙarƙashin matashi da saman kabad, inda maigida yake ganin ya ɓoye, nan ne yaro ke fara lalube idan yana neman kuɗin alewa. Ba a haɗa kura da akuya a garke ɗaya a ce Allah ya tsare.

Duk mun ga bidiyon faɗan 'yan daba na Janairun 2022 a titin Nima da Maamobi, mun yi tir. Bindigar mutumin kirki da ke kwance a aljihun tebur ba mai ɗaukar ta a waya, amma ta fi kusa da 'ya'yanmu. Lasisin 'yan sanda, wanda ake sabuntawa duk shekara, izinin mallaka ne kawai. Ba ya rufe aljihun tebur.

Alhaji, kwaɗo yana nan a kasuwar, maƙeri kuma yana iya haɗa maka ɗan akwatin ƙarfe a kafe shi a bango. Ka sa ɗaya a shago, ɗaya a gida. Idan za ka kwanta, ka kwashe harsashi ka kulle shi daban, makullin kuma ya kwana a jikinka, kada ka rataye shi a ƙusa.